Kafin a sake ce mana "netwok ne": layin da ba mu gani tsakanin rumfar zaɓe da IReV

Tun da maganar zaɓen 2027 ta fara zafi, muhawara ɗaya ce ke ta kai da komo: a wajabta tura sakamako ta intanet kai tsaye daga rumfa, ko kada a wajabta. Masu so suna cewa shi ne maganin maguɗi. Masu ƙi suna cewa ina netwok ɗin yake a ƙauyukan Zamfara da Yobe da Taraba? Ni dai a ganina duk ɓangarorin biyu sun tsallake tambayar da ta fi kowacce nauyi. Daga lokacin da jami'in zaɓe ya danna "tura" zuwa lokacin da takardar ta bayyana a shafin IReV, ina take zama? Wa ya san tana can? In ta maƙale, wa zai gani, kuma bayan minti nawa?

Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri. Batu ne na injiniyoyin kwamfuta, amma ya shafi ƙuri'arka, ya kuma shafi kuɗinka da ke banki.

Mu koma ranar Asabar 25 ga Fabrairun 2023. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan. A kowace rumfa, in an gama ƙirga an cike fom EC8A, jami'i zai ɗauki hotonsa da BVAS ya tura. Zaɓe uku aka yi a ranar: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai. Na majalisa suna ta hawa shafin, na shugaban ƙasa ya ƙi. Kowa ya tuna yadda daren nan ya kasance.

Shekara guda bayan haka, a Fabrairun 2024, INEC ta fitar da rahotonta na zaɓen, kuma ta yi bayani. Ta ce manhajar tana ajiye kowane hoto ne a gurbinsa, gurbin kuma ana gina shi bisa jiha da mazaɓa. Zaɓen sanata yana da jiha, na wakilai yana da jiha. Na shugaban ƙasa mazaɓarsa ƙasar ce baki ɗaya, ba ya ƙarƙashin wata jiha, don haka manhajar ta rasa inda za ta sa shi, sai ta riƙa mayar da saƙon kuskure. Aka yi gyaran gaggawa, takardar shugaban ƙasa ta farko ta hau da ƙarfe 8:55 na dare.

Ko ka yarda da wannan bayani ko ba ka yarda ba, wannan hakkinka ne, kuma ba don in wanke kowa na zauna rubutu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da rahoton ya faɗa a gaba. Ya ce da aka gyara, sai aka tarar da tarin sakamako a layi suna jira, suka yi wa tsarin yawa har ya koma tafiyar hawainiya. Ya kuma ce wani layin yana cikin na'urorin BVAS ɗin ne, wanda ba zai motsa ba sai na'urar tana kunne tana da sabis, alhali jami'ai da dama sun bar rumfa, wasu na'urorin an kashe su, wasu sun shiga inda babu sabis.

Layi. Hukumar da kanta ta ambaci kalmar, kuma kusan babu wanda ya tsaya a kanta.

Bari in kawo shi kusa. Ka san injin niƙa na unguwa. Yara sun kawo gero da masara da wake, mai inji ɗaya ne. Babu wanda zai tsaya riƙe da robarsa sai an zo kansa. Kowa ya ajiye a layi, ya ga mai inji ya gani, ya tafi harkarsa. In aka ɗauke wuta, robobin suna nan a jere, ba abin da ya ɓace, in wuta ta dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Ranar jajiberin salla da niƙa ya yi yawa, a tada inji na biyu, su riƙa ɗauka daga layi guda. Mai kawowa bai dogara da saurin mai niƙa ba, mai niƙa bai damu da lokacin da aka kawo ba.

To, wannan shi ne abin da masu gina manyan tsare-tsaren kwamfuta ke kira layin saƙonni. Maimakon wayarka ta yi magana kai tsaye da na'urar da za ta gama aikin, sai ta miƙa saƙon ga wata na'ura wadda aikinta kawai ta karɓa, ta rubuta, ta ce "na karɓa". Sauran ayyukan, wato duba hoton, gano gurbinsa, ajiye shi a rumbun bayanai, nuna shi a shafi, kowanne da na'urorinsa da ke ɗauka daga layin gwargwadon ƙarfinsu, su gama su miƙa wa layi na gaba. In mataki ɗaya ya lalace, masu kawowa ba su ma sani ba, saƙonni na taruwa ne kawai a gabansa har a gyara shi.

Kuma ba sabon ilimi ba ne. RabbitMQ tun 2007 yake. Amazon na da nasu mai suna SQS da ake haya. Wanda ya fi shahara, Kafka, a kamfanin LinkedIn aka gina shi, Jay Kreps da Neha Narkhede da Jun Rao, aka sake shi kyauta a 2011. A 2019 LinkedIn suka ce saƙonnin da ke bi ta cikinsa a wurinsu sun haura tiriliyan 7 a rana. Yanzu ka lissafa namu: rumfuna 176,846 sau zaɓe uku, takardu dubu ɗari biyar da 'yan kai. Na san hoto ya fi ɗan gajeren saƙo nauyi, amma a ma'aunin wannan sana'a, wallahi wannan ba kaya ba ne. Duk wanda ya ce maka yawa ne ya kayar da mu, ka ce ya sake lissafi.

Yadda Kafka ke aiki ma abin a sani ne. Saƙo in ya shigo, rubuta shi ake yi a faifai kamar layi a littafin ajiya, a kwafe shi a na'urori daban-daban, galibi uku, don in ɗaya ta mutu sauran na riƙe da shi. Kuma ba a goge shi don an karanta. Mai karantawa alama kawai yake sawa: na kai lamba kaza. In aka gano ya yi kuskure tun safe, sai a gyara shi a mayar da alamarsa baya, ya sake bi ta kansu. Ka auna wannan da abin da INEC ta ce ya faru. Da a ce ƙofar karɓa daban take da wurin neman gurbi, da hotunan shugaban ƙasa sun shiga hannun hukumar tun da rana, kowanne da lokacin isowarsa a rubuce, ko da kuwa shafin bai nuna su ba sai dare. Amma bisa bayaninsu, rashin gurbi ya sa aka ƙi karɓar hoton tun daga ƙofa, wani kaso ya koma yana jira a cikin na'urar da ke jakar ɗan bautar ƙasa, a bayan mota, a hanyar zuwa wurin tattara sakamako. Mai inji ya ce bai san buhun da zai juye garin ba, don haka kowa ya koma gida da robarsa.

A kotu an yi ta jayayya kan ko na'urorin Amazon da ke ɗauke da IReV sun samu matsala a ranar. Mutane suka ɗauka dole ɗaya ne: ko na'ura ta faɗi, ko an yi ƙarya. Ai na'ura na iya kasancewa lafiya lau, manhajar da ka ɗora mata ce ke korar saƙo. Wannan bai tabbatar da bayanin INEC ba, bai kuma ƙaryata shi ba. Abin da zai raba gardama shi ne littafin shigowar saƙonni, mai nuna ƙarfe nawa kowace na'ura ta ƙwanƙwasa ƙofa da amsar da aka ba ta.

Kada kuma wani ya ɗauka layi maganin komai ne. Yana da nasa ciwon, kuma wanda ya fi ba injiniyoyi wahala kai ma ka san shi.

Ka aiki yaro da kuɗi Kantin Kwari ya kai wa mai shago. Shiru-shiru bai dawo ba. Ya kai ne ya tsaya kallon ƙwallo a hanya, ko bai kai ba? Daga inda kake zaune babu yadda za ka sani. In ka yi shiru, wataƙila kuɗin bai je ba. In ka sake aikawa, wataƙila ka biya sau biyu. Haka na'urori suke. Wadda ta tura saƙo ba ta ji amsa ba, ba ta san ko saƙon ne ya ɓace ko amsar ba. Yawancin tsare-tsare sun zaɓi a sake turawa, gara ya je sau biyu da ya ƙi zuwa. Shi ya sa dole mai karɓa ya zama mai littafi: kowane saƙo da lambarsa, in lambar ta taɓa zuwa, ya ce na riga na karɓi wannan, kada ya sake aiki da shi.

Duba rasit ɗin tiransifa ɗinka, za ka ga wata doguwar lamba mai alƙaluma 30 da suke kira Session ID. Ita ce lambar saƙon. NIBSS sun fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, kuma kuɗinka matakai yake bi: bankinka ya cire, ya miƙa wa NIBSS, su miƙa wa bankin wancan, ya saka, amsa ta dawo ta hanyar da aka bi. "An cire min amma bai shiga ba" na nufin saƙon ko amsarsa ta maƙale a ɗaya daga cikin waɗannan gaɓoɓi. Tun 2018 dokar CBN ta ce bankin da kuɗi ya iso masa ya saka wa mai shi cikin minti 4, wanda ya gaza kuma a mayar wa mai shi cikin awa 24, in ba haka ba tarar naira 10,000 kan kowane ɗaya. Dokar na nan a takarda. Amma har gobe sai ka je banki ka bi layi ka cike fom kafin a nemo maka kuɗinka. Wato kai ne kake yi musu aikin da na'ura ya kamata ta yi, ta bi littafi ta ga cewa lamba kaza an cire ba a saka ba, ta mayar da kanta.

Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga wani ciwon. Tsabar kuɗi ta ɓace, mai shayi da mai kayan miya duk suka koma tiransifa, manhajojin bankuna suka riƙa durƙushewa. Me mutum yake yi in ya tura ya ƙi tafiya? Ya sake dannawa. Ya sake. Mutum miliyan suna haka a lokaci guda, tsarin da ya fara nishi sai a ninka masa kaya. Na'urori ma haka suke yi in ba a koya musu haƙuri ba. Ƙa'idar da aka sani ita ce in ka gwada ya ƙi, ka jira daƙiƙa biyu, in ya sake ƙi ka jira huɗu, sannan takwas, kuma kowa ya ɗan saɓa lokacinsa don kada a dawo tare kamar an buɗe ƙofar filin wasa. Irin wannan turmutsutsu ne INEC ta bayyana bayan 8:55, ƙofa ta buɗe kowa ya afko.

Sai saƙo mai guba. Wannan labarin ina son sa, don ya nuna ba mu kaɗai ba ne. Ranar 28 ga Agustan 2023, tsarin da ke karɓar takardun tafiyar jiragen sama a Birtaniya ya tsaya cak. Dalili? Wani jirgi daga Los Angeles zuwa Paris, hanyarsa na da wurare biyu masu alama iri ɗaya, DVL: ɗaya Devils Lake a Amurka, ɗaya Deauville a Faransa. Manhajar ta rikice, ta kashe kanta don kada ta ba da bayanin da ba daidai ba. Ta ko-ta-kwana ta karɓi aiki, ta ɗauki wannan takardar dai, ita ma ta kashe kanta. Aka koma shigar da bayanai da hannu. Binciken da aka yi ya ce fasinjoji fiye da 700,000 abin ya shafa. Takarda ɗaya tak! Mai niƙan unguwarmu ya fi su dabara a nan: in ya ji tsakuwa a robar wani, sai ya ture ta gefe ya ci gaba da na sauran, mai ita ya zo a yi magana. A sana'ar ma akwai wannan, layi na gefe da ake jefa duk saƙon da aka gwada sau kaza ya ƙi. Sharaɗinsa ɗaya, a samu mai leƙa shi. Layin gefe da ba a dubawa kabari ne kawai.

Mafi muni kuma shi ne ɓata cikin shiru. A Ingila lokacin korona, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga lissafi ba, saboda ana zuba sakamakon a tsohon nau'in fayil na Excel da ba ya wuce layi 65,536. Ya cika, sauran suka zube, babu ƙararrawar da ta kaɗa. Da akwai mai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane mataki, da an gani a rana ta farko.

To me nake so a nema?

Kalmar "kai tsaye" da ake ta faɗa a kanta, a ganina ba za ta ba mu abin da muke nema ba in ita kaɗai ce. Masu cewa babu sabis a wasu wurare gaskiya suka faɗa, duk wanda ya taɓa hawa tudu don ya amsa waya ya sani. Dokar da ta ce dole sai nan take, za a karya ta a dubban rumfuna ba da niyyar kowa ba, lauyoyi su samu abin ci. Dokar da ta ce "in babu sabis a koma takarda" ta tsaya nan, ita kuma ta buɗe ƙofa, don duk mai son ɓoye abu zai ce babu sabis. Kuma mun ji Kotun Ƙoli a Oktoban 2023 ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, rashin hawa kansa bai soke zaɓe ba. Ke nan jinkiri ba makawa za a samu. Abin da ya kamata doka ta kama shi ne abin da ke faruwa a cikin jinkirin.

BVAS na iya hatimce hoton a daidai lokacin da aka ɗauke shi, ko da sabis ko babu: ta sa masa lokaci, ta fitar da wata lamba daga jikin hoton wadda in aka canza ko ɗigo ɗaya a cikinsa lambar za ta canza. A nuna wa wakilan jam'iyyu lambar a rumfa, su rubuta a bayan kwafin EC8A da doka ta ce a ba su. In hoton ya hau bayan awa goma, kowa na iya gwadawa ya ga ko shi ne wanda aka ɗauka a gabansu. Lambar kanta 'yar ƙarama ce, saƙon tes ma zai iya kai ta inda intanet ya gaza. Da wannan, jinkirin ƙauye ya daina zama abin tsoro.

Sannan shafin ya nuna mana layin. Yanzu abin da muke gani shi ne rumfuna kaza sun hau. Ina so in ga nawa aka karɓa ba a nuna ba tukuna, nawa aka ture gefe da dalilinsu, wace ƙaramar hukuma ce ba a ji ɗuriyar na'urorinta ba tun ƙarfe huɗu. Duk injiniyan da ke kula da irin wannan tsari yana da allon da ke nuna masa waɗannan alƙaluma, in kuwa ba shi da shi to a makance yake tuƙi. Me zai hana a juyo mana allon? A daren 25 ga Fabrairu, abin da ya cinye amanar mutane shi ne awannin da aka yi ba wanda ya san me ake ciki, jita-jita ta cike gurbin.

Haka bankuna. CBN na iya tilasta wa kowane banki ya riƙa wallafa kason tiransifa da suka gaza a wata, da awannin da ya ɗauka kafin ya mayar. Mutane da kansu za su yi hukunci. Ai mun gani a 2023 yadda jama'a suka yi ta komawa OPay da Moniepoint da PalmPay don kawai kuɗi na tafiya.

Wani zai ce, malam, matsalarmu ta mutane ce, wanda ya yi niyyar maguɗi ba Kafka ne zai hana shi ba. Haka ne, ban musa ba. Tsari mai kyau ba ya sa mutum ya ji tsoron Allah. Abin da yake yi shi ne ya raba kuskure da ganganci, ya bar sawu. Yau in abu ya lalace, mai gaskiya ba shi da hujjar kare kansa, marar gaskiya kuma yana da mafaka, duk su biyun "matsalar na'ura" za su ce. Ka tuna JAMB a Mayun 2025, da Farfesa Is-haq Oloyede ya fito yana hawaye ya ce kuskure ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, saboda gyaran manhaja da bai kai ga wasu na'urori ba. Sai da iyaye da ɗalibai suka yi ta kururuwa aka koma aka duba. Na yaba da fitowar da ya yi, amma ƙararrawar tsari bai kamata ta zama kukan yara ba.

Ga matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Zariya, ɗan tsokaci: kowa ya ruga gina fuskar manhaja don ita ake gani ana yabawa. Wannan ɓangaren na ciki, layi da lamba da littafi da sake gwadawa, shi ne ake nema ido rufe, kuma RabbitMQ da Kafka duk kyauta ne, za su hau laftof ɗinka. Gina ƙaramin tsari, ka tura saƙo dubu goma, ka kashe na'ura ɗaya da gangan ana tsakiyar aiki, ka ƙirga ka ga nawa suka ɓace nawa suka zo sau biyu. Abin da za ka koya a wannan daren ya fi kwas ɗin wata uku.

Wannan gwajin ne kuma nake so a tambayi INEC a kansa a zauren majalisa. An fara amfani da IReV a Agustan 2020 a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya. Ya yi aiki a Ekiti da Osun a 2022, aka yi ta tafi. Duk zaɓukan cikin jiha ne, babu wanda ya taɓa gurbin shugaban ƙasa. Ranar 4 ga Fabrairun 2023 aka yi gwajin tantance masu zaɓe a rumfuna 436, cikin dubu ɗari da saba'in da shida. In bayanin hukumar daidai ne, da takardar shugaban ƙasa ko guda ɗaya aka gwada turawa a kan ainihin tsarin da aka yi aiki da shi ranar zaɓe, da kuskuren ya fito tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka duk kyan da IReV zai yi a zaɓen gwamna, kada a kawo mana shi a matsayin hujja. A sa rana kafin 2027, a kunna na'urorin duk ƙasar, a tura takardun gwaji na zaɓe uku a lokaci guda, a kashe wani ɓangare da gangan na awa biyu a gaban wakilan jam'iyyu da 'yan jarida, sannan a wallafa nawa aka tura, nawa suka iso, da ƙarfe nawa ta ƙarshe ta hau.